Shekarar da Muka Sa Kifi Azumi

Ɗan ƙanwata Anas yana aiki a wani gidan abinci a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda. Aikinsa yanka kifin salmon siriri-siriri, ana jera wa masu hali a faranti. Wata Juma'a ya zo gidanmu a unguwar Mahjar da abokansa, muna shan shayi bayan la'asar, sai na ji yana ce musu, "Shugul ɗin Khali Bakur, aikin kawun nan nawa, ai hutu ne. Ka watsa wa kifi abinci, ka zauna bakin bahar kana shan iskar teku, halas, shi ke nan." Suka bushe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don ba na son in ba shi kunya a gaban baƙi, amma maganar ta dame ni. Shi ya sa na zauna in faɗa muku yadda aikin yake, ku da ba ku san kifi ba sai a faranti. Na san Hausarku ta fi ƙarfi a kunne, to ku bi ni a hankali.

Sunana Abubakar, Bakur a bakin mutanen Jidda. Nan aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Duk da haka da iƙama, takardar zaman baƙo, nake zaune har yau, kuma iƙamata tana hannun mai gonar da nake wa aiki, wani dattijo Abu Nawaf. Gonar tana kudu da gari, bakin teku, inda ba ka jin komai sai ƙarar famfo. Kifin da muke kiwo shi ne ƙarus, farin kifi mai faɗin baki. Muna da iyaye, manya-manya, waɗanda ke ba mu ƙwai. Mu ƙyanƙyashe, mu rena 'ya'yan, mu sayar wa masu kiwonsu a keji cikin teku. Duk arzikin gonar yana cikin tankin iyayen nan. 'Ya'ya in sun mutu za a sake samu, amma uwa ɗaya sai an yi shekaru ana ciyar da ita kafin ta ba da ƙwan kirki.

Aikin farko da aka ba ni wankin tanki ne. Na zo daga kasuwar kifi, inda na yi shekaru ina kankare ɓawo da fiɗa, ina jin kaina gwani. Likitan gonar, Daktur Awad, wani Basudane dogo mai magana a sanyaye, ya dubi wuƙata ya ce in mayar da ita aljihu. Ya miƙo mini burushi da takalmin roba. Aka zubar da ruwan tanki, na shiga ciki ina goge bango, ina bin kowace kusurwa, ina cusa hannu cikin bututun da ruwa ke fita. In na gama ya zo ya shafa bangon da yatsa. In ya ji santsi, sai ya ce, "Ya Bakur, sake." Na sake har hannuna ya yi kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai a watannin nan, na yi ta ƙunƙuni a zuci cewa an mai da ni mai wankin kwano. Sai daga baya na gane cewa santsin nan gidan ƙwayar cuta ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Kowane tanki da komarsa, da burushinsa, da bokitinsa, an shafa musu fenti kala ɗaya. A ƙofar kowane ɗaki akwai kwano mai ruwan magani, sai ka tsoma takalminka kafin ka shiga, ko da mantuwa ka yi za ka ɗauko. Akwai na'urar auna iskar da ke cikin ruwa, akwai injin da ke hura ta, wanda in ya yi shiru kowa ke zubar da abin da ke hannunsa ya ruga. Dokar da ta fi ba mu wuya ita ce ta aro. Mu an tashe mu a kan cewa ba a hana maƙwabci aro. To a gonar kifi, ko wanka da kuke ciki ɗaya ya ce ara mini koma, sai ka ce a'a. Masu sayen 'ya'yan kifi ma haka. Mutum ya taho da motarsa da bokitinsa, bokitin da ya gama yawo a keji goma, yana so ya tsoma a ruwanmu. Na sha zagi a kan wannan. Wani ya ce mini ina da girman kai kamar ni na haifi kifin. Na ce masa na ji, amma bokitin ya tsaya a waje.

Ranar da Daktur ya fara koya mini cutar, a kan teburin fiɗa ne, da mataccen kifi a gabanmu. Shi ya taɓa aiki a gonakin salmon a ƙasashen sanyi, kuma da salmon yake ba da misali, shi ya sa nake so Anas ya buɗe kunne. Ya ce ƙwayar bakteriya ba baƙuwa ba ce. Tana cikin ruwa kullum, tana jikin bango, wani lokaci tana cikin kifin da kake gani lafiya lau. Abin da ke tsare kifi shi ne yauƙin da ke jikinsa da ƙarfin jininsa. Ka kama shi da busasshen hannu, ko koma ta kuje shi, ka buɗe ƙofa. Ka cunkusa su wuri ɗaya, ko ruwa ya ɗumama iskar cikinsa ta ragu, jikinsa ya yi rauni. Sai ƙwayar ta shiga ta kujewar nan, ko ta jan naman da ke ƙarƙashin kunnensa wanda yake numfashi da shi, ko ta hanji. Daga nan ta faɗa jini. Saifa ta kumbura, ƙoda ta lalace. A salmon, in ji shi, har maruru take yi a cikin tsokar nan mai kyau da kuke yankawa, ya fashe ya zubar da cutar cikin ruwa. Saboda haka ne ake yi wa 'ya'yan salmon allurar rigakafi ɗaya bayan ɗaya tun ba su fi tafin hannu ba. Namu kifin na ruwan zafi ne, ƙwayoyinsa daban, amma hanyar shigarsu ɗaya ce.

Da ido ake fara ganinta, kuma wannan shi ne zaman bakin bahar da Anas yake cewa hutu. Ka tsaya a kan tanki da sassafe, ba motsi, kana kallo. Lafiyayyen kifi yana tafiya da 'yan'uwansa. Wanda ta kama yakan ware, jikinsa ya yi duhu, ya tsaya inda ruwa ke shigowa yana haki. Sai gindin fiffikensa ya yi ja, ido ya fito. In ka bari ya mutu ya kwana a ƙasan tanki, jikinsa ya ruɓe, ya raba wa kowa. Kwashe gawa da wuri shi ne rabin magani.

Abokin aikina a ɗakin iyaye shi ne Malam Ilyasu, mutumin Yawuri, ya girme ni da nisa. Masunci ne tun kakanni, ya yi su a kogin Kwara kafin ya taho nan. Ranar da ya fara ganin ƙarus ya tafa hannu ya ce ai wannan ɗan'uwan giwan ruwa ne. Ya san iyayen nan ɗaya-ɗaya, har suna ya sa musu. Babbar cikinsu, mai tabo a wutsiya, ita yake kira Gwaggo, kuma ita ke fara tasowa in ya tsaya da abinci. Mutum ne mai tsoron Allah. Ba ya wuce magen bakin ƙofa bai ajiye mata wani abu ba.

Muguwar shekarar ta zo da zafin da ban taɓa gani ba. Kun san bazarar Jidda, yadda riga ke manne wa mutum a baya. To wannan karon ruwan da famfo ke jawowa daga teku ɗumi ne kamar na wankan jariri. Wata rana da tsakar rana injin iska ya tsaya, kafin a tayar da shi kifaye sun galabaita. Ba su mutu a ranar ba, har muka yi ta hamdala. Bayan 'yan kwanaki na ga na farko ya ware a tankin 'ya'ya. Kafin mako ya zagayo muna kwasar gawa da baro, muna haƙa rami can nesa, muna zubawa da farar ƙasa a kai. Warin ya shiga kayanmu, ya bi mu har gida. Matata ta ce in riƙa tuɓewa a tsakar gida. Sannan cutar ta tsallaka ɗakin iyaye.

Abu Nawaf ya tara mu a inuwar ɗakin famfo. Mutumin kirki ne, amma ranar fuskarsa ba annuri. Ya ce, "Ya jama'a, 'ya'ya sun tafi, na haƙura. In iyayen nan suka bi su, zan rufe mazra'a, gonar baki ɗaya. Ba ni da ƙarfin farawa daga farko." Bai ƙara ba, kuma ba ma buƙatar ƙari. In gona ta rufe, iƙamar kowa ta faɗi. Malam Ilyasu yana da Yawuri da zai koma. Ni kuwa Kano sunanta kawai na sani. Na ji tsoro ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Allurar iyayen ita ce aikin da ya fi kowane wuya da na taɓa yi. Kifi kusan tsawon hannunka har kafaɗa, mai ƙarfi, kuma ba a so ya yi kokawa ko kaɗan don kar ya ƙara kujewa. Sai a rage ruwa, a sa maganin da zai sanyaya masa jiki, mu tallabo shi cikin jiƙaƙƙen tawul, in rufe masa ido da tafina, Daktur ya soka, mu mayar da shi muna riƙe da shi har ya farfaɗo. Da muka gama, Daktur ya kulle ɗakin abinci ya ba ni makulli. Ya ce daga yau ba ƙwaya ɗaya da za ta shiga tankin nan sai ya ce. Kifi in ya ci, narkar da abincin na cinye iskar da ba shi da ita. Abin da ya rage da kashinsa su ɓata ruwa, su ciyar da ƙwayar. Ya ce babban kifi yana iya kwana da kwanaki bai ci ba, yunwa ba za ta kashe shi ba. Malam Ilyasu yana tsaye yana ji.

Muka rataya inuwa, muka ƙara iska, muna sauya ruwa. Amma mutuwa ba ta tsaya ba. Yau ɗaya, jibi ɗaya, kuma masu ƙarfin ne ke tafiya, waɗanda muke sa rai da su. Daktur ya rasa gane kan abin. Sai wata safiya na tarar da Gwaggo a kife.

Ni na fiɗe ta. Saifarta ta kumbura baƙa ƙirin, wannan na sa rai da shi. Da na tsaga tumbi sai ga gutsuren sardin bai gama narkewa ba. Sardin ba shi da hanyar shiga tankin da aka tace ruwansa. Na ɗauraye shi na duba, yankan wuƙa ne, a karkace, irin yankan da masuntan kogi ke yi wa abin ƙugiya. Mutum ɗaya ne a gonar nan yake yanka haka. Ashe da aka kulle ɗakin abinci, shi kasuwa yake biyawa ya sayo da kuɗin aljihunsa, ya ɓoye a cikin kular abincinsa, ya ba su lokacin da muke zagayen sauran tankuna.

Na same shi bayan sallar azahar yana naɗe darduma. Na buɗe hannuna na nuna masa.

"Malam, esh hada? Mene ne wannan?"

Ya duba, bai yi musu ba. Ya ce, "Ni ne, Bakur."

"Haram alek, Malam, ba ka kyauta ba! Ka ji abin da Daktur ya ce. Ka ji abin da kafili, mai gonar, ya ce. Mu duka za ka kora daga ƙasar nan?"

Ya ce, "Ɗana, saurara. Kifin kogi Allah ke ciyar da shi, in bai samu a nan ba ya tafi can. Waɗannan mu muka tsare su. Ba su da inda za su. In na tsaya a kansu suna tasowa suna kallona. Ka tsare dabba ka hana ta abinci, ranar hisabi wa zai amsa? Daktur? Ni aka ba ɗakin nan. Kuma a ina ka taɓa ganin an je duba mara lafiya hannu biyu?"

Ni ma haka aka koya mini a gidanmu. In na kai ƙararsa wurin Abu Nawaf, a ranar zai kore shi, dattijo mai iyali a gida. In na yi shiru, iyayen su ƙare. Sai na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce, "Ta'al, zo ka gani."

Na kai shi teburin fiɗa. Bai san wadda ta mutu ba sai da ya ga tabon wutsiya. Na ɗaga kunnenta na nuna masa naman numfashin, wanda ya kamata ya yi ja jawur, ya koɗe fari. Na ce masa ya lissafa mini waɗanda suka mutu tun ranar allura. Ya fara kiran sunayensu a hankali. Bai kai ƙarshe ba ya tsaya, don shi da kansa ya ji abin da yake faɗa. Duk waɗanda ke fara zuwa hannunsa ne. Masu tsoro, waɗanda ke laɓewa ba su samu sun ci ba, suna nan da rai.

Ya daɗe yana shafa bayanta. Ya ce, "Ita ke fara zuwa."

Daktur ya shigo ya same mu haka. Ya ga sardin a kan tebur, ya dube ni, ya ce, "Min? Wa ya ba su?" Na ce, "An daina, ya Daktur." Ya dubi Malam Ilyasu, ya dubi kifin, ya ce, "Tayyib, to. A sauya ruwa yanzu." Bai sake tayar da maganar ba, kuma ba ta kai kunnen Abu Nawaf ba.

Washegari lokacin shayin safe na miƙa wa Malam kofi, ya girgiza kai. Na ce ko fushi yake da ni. Ya ce, "A'a. Azumi nake. In su za su zauna da yunwa saboda na yarda da maganarku, ba zan tsaya a kansu da cikina a cike ba. Sai ranar da suka ci." Na ce masa wannan zafin ba na azumin nafila ba ne, ga tura baro, ga shekaru. Ya ce shi ai yana buɗe baki da magariba, su kuwa ba su da magariba. Haka ya yi ta yi. Leɓensa ya bushe, idonsa ya faɗa, yana zaune bakin tanki da tazbaha, da ya ga wani ya ware ya kira ni. Ni ban yi azumin ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na yi shi ne na karɓe masa baro.

Mutuwa ta ragu, sannan ta tsaya. Masu duhun jiki suka fara washewa, gyambo ya fara kamewa daga gefe. Amma Daktur ya ce ba a sanin kifi ya warke sai ya nemi abinci da kansa. In aka jefa suka taso, mun tsira. In abincin ya nutse ba wanda ya kula, cutar tana nan a ciki, sai Abu Nawaf ya yi abin da ya ce. Ya zaɓi wata safiya da ruwa ya ɗan yi sanyi. Kowa ya taru, har direba da mai gadi, har Abu Nawaf da ya tsoma takalminsa mai tsada a kwanon magani ba tare da an ce masa ba.

Na buɗe ɗakin abinci, na ɗebo ɗan kaɗan a ludayi. Daktur ya miƙo hannu, sai na wuce shi na ba Malam Ilyasu. Ya yi bismillah ya watsa. Ƙwayoyin suka tsaya a kan ruwa, suna juyawa a hankali. Ba abin da ya motsa. Ɗaya ta jiƙe ta fara nutsewa, ina bin ta da ido. Sai wata uwa, cikin masu tsoron nan da ba su taɓa zuwa farko ba, ta taso daga ƙasa ta cafke ta, ƙarar bakinta kamar an buɗe kwalba. Sai wata, sai wata. Ruwa ya fantsama mana a fuska. Mai gadi ya yi kabbara. Abu Nawaf ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "Yalla, shugul, ku koma aiki."

Gona ba ta rufe ba. Iyayen da suka rage suka ba da ƙwai da sanyi ya shigo, kuma duk ƙarus ɗin da ya fita daga hannunmu tun lokacin jikokinsu ne. In na wuce kasuwa na ga an jera shi a kan ƙanƙara, idonsa garau, kunnensa ja, ina jin alfahari, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na iya wannan aiki. Yanzu ni ke shafa bangon tanki da yatsa in ce wa sabon ma'aikaci ya sake. Duk bazara in ruwa ya ɗumama muna janye abinci tun kafin cuta ta leƙo, kuma a gonarmu sunan wannan azumin Malam Ilyasu, ko da yake shi ya daɗe da komawa Yawuri. To, ya Anas, in ka ɗauki wuƙa gobe za ka yanka salmon ɗinka, ka sani akwai wanda ya tsaya a kansa da sassafe yana kallo, kamar yadda kawunka yake yi.

A ranar nan da suka ci, na zaci Malam zai sha ruwa nan take, har na ɗauko masa. Ya ce ya riga ya ɗaura niyya, sai ya kai. Ya wuni yana aiki. Da rana ta faɗi na kawo masa dabino da ruwan sanyi a bakin tankin, na zauna kusa da shi. Kifayen suna zagayawa tare, a natse. Aka kira salla daga masallacin bakin titi. Ya ɗauki dabino ɗaya, ya dube su, ya yi murmushi.

Ya ce, "Yau dai sun riga ni."